Gwaggo Dije da Mukulli Na Biyu

Duk wanda ya taɓa ganin farar motar nan tamu a kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, to ya ga kirtanin. Ku da kuka san Gwaggo Dije mai riɗi kun san abin da nake nufi. Baƙin kirtani ne, irin wanda ake ɗinke bakin buhu da shi, ta ninka shi ta tufka da hannunta. Baki ɗaya yana ɗaure a lalitarta, can a ƙugu ƙarƙashin zane, ɗaya bakin kuma yana ɗaure da mukullin mota. Idan za mu tashi sai ta shiga gaba ta zauna, ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, sannan ta zaro mukullin ta miƙo mini. In zura, in tayar, mu kama hanya, kirtani a miƙe tsakanina da ita ya ratsa ta kan giya. In zan canza giya sai na ɗaga hannu na tsallake shi. Shekara da shekaru haka na yi tuƙi, ni Habu ɗan ƙaninta, magidanci da mata da 'ya'ya.

Kuma ba tafiyar kasuwa kaɗai ba fa. In suna zan je, Gwaggo na gaba. In wanki zan kai motar, tana zaune a ciki ana watsa ruwa, tana ƙwanƙwasa gilashi tana nuna wa mai wankin inda ya tsallake. Ran nan wani mai kaki ya tsayar da mu a shinge wajen Kiyako, ya leƙo, ya bi kirtanin nan da kallo tun daga sitiyari har ƙugunta, ya ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Mota tawa ce, direba ɗan ƙanina ne, kirtani kuma da kuɗina na saya. Wanne ne a ciki ba shi da takarda?"

Bawan Allah ya yi dariya har da dafa mota, ya ce mu je, Allah ya kiyaye hanya.

Asalin abin, motar 'yar Kwatano ce, kuma da mukulli ɗaya tal ta zo, mai wani ƙaton baƙin kai. Dillalin da ya sayar mata ya ja mata kunne, ya ce in wannan ya ɓata, to motar ta zama ɗakin kaji, sai an ɗauko masu kwamfuta daga Kano an kashe kuɗi mai ciwo. Shi ke nan Gwaggo ta samu abin riƙewa. Ita ba ta iya tuƙi ba, ba ta ma bambance birki da totur, amma tun daga ranar mukullin nan bai ƙara kwana a wani wuri ba sai a jikinta.

To amma bari in faɗi gaskiya, tunda ba ta nan balle ta jefo ni da takalmi. Rigimar ba ta mukulli ba ce kaɗai. A lokacin Gwaggo ta manyanta, gwiwa ta fara ƙi, ga hawan jini, likita ya ce ta rage zirga-zirga. Yayana Sale, mai shagon atamfa a Kano, kullum maganarsa ɗaya ce: a yi wa motar mukulli na biyu, Habu ya riƙa shiga ƙauyuka awon riɗi da zoɓo shi kaɗai, Gwaggo ta zauna gida ta huta. Ni ma ina bayansa, don tsoro nake ji kada wata rana ta faɗi a tsakiyar kasuwa. Ita kuwa ta san sarai ranar da aka samu mukulli na biyu, ranar za a ajiye ta a ɗaki. Tun tana yarinya take cin kasuwa, da tallan man gyaɗa ta fara a Gwaram, kuma da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ta sha gaya mini ta ga yadda aka yi da sa'o'inta: a shimfiɗa musu tabarma, a ajiye musu buta da rediyo, a riƙa leƙowa ana sannu Inna, sannu Inna, kafin shekara ta zagayo an yi sadakar bakwai. Ta ce ita ba wanda zai yi mata wannan sannun.

Amma fa Gwaggo ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba ta son mukulli na biyu ba. Ina! Ta fi haka wayo. Abin da take cewa shi ne, "A yi mana, ni na hana? Sai dai ba da kuɗina za a yi wauta ba."

Da Yaya Sale ya matsa, sai ta ce to mu je wurin Malam Ado, mai yankan mukullin kwaɗo a cikin kasuwar Birnin Kudu, shi ne mai sauƙi. Muka je. Malam Ado ya ce ta kwance mukullin ta ba shi. Ta ce sai dai ya matso da injinsa. Haka dattijon nan ya yi aikin, Gwaggo na tsaye dab da teburinsa a ɗaure da mukulli, garin ƙarfe yana zuba mata a zane. Ya yanka, ya goge, ya hura, ya miƙo. Kuɗin bai fi na kwanon tuwo ba.

Muka dawo wurin mota. Na sa sabon mukulli a ƙofa, ta buɗe ras. Na zura a makunni, na murɗa. Inji ya yi ƙir-ƙir-ƙir, ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Wata 'yar jar fitila sai ƙifta mini ido take a gaban sitiyari. Kafin ka ce me, 'yan kasuwa sun taru, kowa ya zama makanike. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce mai ne bai hau ba, wani mai rake ya ce a tura. Aka tura. Gwaggo na zaune a ciki ta leƙo da kai ta taga tana ba da oda, "Ku ƙara ƙarfi mana, ba ku karya ba ne?" Ƙarti suka turo motar nan tun daga bakin kasuwa har kusa da tasha, gumi sharkaf, ko tari ba ta yi ba. Sai da kowa ya galabaita sannan Gwaggo ta zaro nata ta miƙo mini. Murɗawa ɗaya mota ta tashi.

Ta sa na juya muka koma wurin Malam Ado. Ta ce, "Malam, mukullinka ya buɗe ƙofa amma bai tayar da mota ba. Rabin aiki ka yi."

Ya ce, "Hajiya, wallahi yanka ya fita daidai, ki gwada su ki gani."

Ta ce, "Na gani. Dawo mini da rabin kuɗina, in riƙe rabin aikinka."

Ya dawo mata da shi kuwa, don ya san in ya ƙi, a nan za ta yi la'asar. A hanyar gida Gwaggo har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya yi asara yana nishaɗi irin na ranar ba.

Yaya Sale ya ce wannan wasan yara ne, mu zo Kano a yi abu na gaske. Muka je. Ya kai mu wani shago mai ƙofar gilashi, sanyi kamar cikin randa, mukullai rataye reras a bango. Mai shagon, wani mutum mai fara'a da tabarau, ya zaunar da Gwaggo a kujera mai laushi, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, sannan ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce a cikin baƙin kan mukullin nan akwai wata 'yar ƙwaya. Idan aka zura mukulli, motar takan tambayi ƙwayar, in ta gane ta sai ta saki mai da wuta, in ba ta gane ta ba, ko mutanen gari duka za su tura ba za ta tashi ba. Don haka sai an samo sabon mukulli mai tasa ƙwayar, a yanka shi, a jona kwamfuta a gabatar da shi ga motar.

Gwaggo ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ikon Allah! Wato ita ma sai ta ce wane ne kafin ta buɗe wa baƙo. To wannan mota tana da tarbiyya. Nawa ne?"

Ya faɗi kuɗi. Jama'a, kuɗin rago ne, ragon layya mai ƙaho, ba ɗan tunkiya ba.

Gwaggo ta shanye lemonta tas. Sannan ta ce ya nuna mata ƙwayar. Ya ɗauko wata ya ɗora mata a tafin hannu. Ta kai ta kusa da ido, ta juya ta, ta ce, "Wannan? Ai in na ga wannan a cikin riɗina tsince ta zan yi in yar, in ce an zuba mini tsakuwa. Nawa kuke sayar da tiya?"

Mutumin ya yi dariya ya ce ba a awonta da tiya. Yaya Sale, kunya ta gama kama shi, ya sa hannu a aljihu ya ce, "Gwaggo, ki bari, ni zan biya."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Da kuɗin wa?"

"Da kuɗina mana."

"Na shago?"

"Eh."

"Wa ya ba ka jarin shagon?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke ce."

Ta ce, "To ashe kuɗina ne. Ba da kuɗina ba. Habu, tashi mu je." Ta yi wa mai shago godiyar lemo, ta ce Allah ya kawo kasuwa, ta fice tana jan ƙafa. Yaya bai ƙara yi mana magana ba har muka bar Kano.

Sai Iro makanike ya shigo cikin maganar. Kun san Iro na bakin tasha, wanda ba a taɓa kawo masa matsala ya ce bai san maganinta ba, ko da ciwon haƙori ne. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, 'yan Kano ne kawai ke son cin kuɗin mutane. A fasa kan mukullin asali, a ciro ƙwayar, a manna ta da gam a jikin makunni, shi ke nan kowane yankakken mukulli zai tayar da motar.

Gwaggo ta ce, "A fasa kan wa? Kai dai Iro a fara fasa naka, a duba ko akwai ƙwaya a ciki."

Iro, don ya nuna ba shaci-faɗi yake ba, ya ce in zura mukullin Malam Ado, ita kuma ta kara kan nata a gefensa. Ta kara, na murɗa. Wallahi sai mota ta tashi! Ta janye nata, mota ba ta mutu ba, tana ta silo abinta. Iro ya dinga zagaya mu yana buga ƙirji.

Da labari ya kai wa Yaya Sale, nan take ya bugo waya da sabon tsari. Ya ce tunda haka ne an huta. Kullum da safe Gwaggo ta fito ƙofar gida ta kara mukullinta, mota ta tashi, ta koma ɗaki ta kwanta, Habu ya tafi da na Malam Ado. Ba a kashe ko kwabo ba, ba ta da abin cewa. Sharaɗi ɗaya ne, kada Habu ya kashe motar sai ya dawo gida.

Gwaggo ta ce, "To."

Wannan to ɗin ya kamata ya tsorata mu. Duk wanda ya zauna da Gwaggo ya san in ta yarda da magana babu gardama, akwai abin da ta hango.

Kai, na sha wuya! Ku yi tunanin mutum ya wuni da mota a kunne. In je gidan mai, su ce ba sa zuba wa mota mai tana aiki, in kashe. In ce in na kashe ba za ta tashi ba. Su ce to in yi gaba. Dole na koma wurin 'yan bumburutu, su kuwa ko wuta motar ke ci za su zuba maka, amma ka san farashinsu. In tsaya cin abinci, mota na kaɗawa a bayana, mai abinci tana cewa, "Malam Habu, ci a hankali, ko koro ka aka yi?" In shiga ƙauye awo, hayaƙi na bugun matan da ke auna mini riɗi, suna tari suna zagina a ɓoye. Man da na ƙona a 'yan kwanakin nan, da an tara shi, da an sayi ƙafar ragon nan na Kano. Kuma duk inda na tsaya tambaya ɗaya ce: ina Gwaggo? A Kwandiko wata tsohuwa mai suna Ta-Sallah da suka daɗe suna ciniki ta leƙa kujerar gaba ta ga wayam, sai kawai ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Da ƙyar na shawo kanta cewa Gwaggo na nan da ranta, hutawa take. Ta ce, "Dije ce ke hutawa? To ba lafiya ba." Ta ƙi sayar mini da riɗinta, ta ce sai mai shi ta zo.

A Kwandikon nan dai abin ya faru. Na gama loda buhuna, aka kira azahar, na gangara gindin wata bishiya kusa da masallaci. Na yi fakin, na ja birkin hannu, na fito, na yi alwala, na shiga sahu. Ina tsakiyar sallah sai na ji duniya ta yi mini wani irin daɗi, tsit, har kukan kurciya nake ji. Sai na tuna, ai ƙarar mota ce ba na ji! Hannu ya riga ya saba, shi ya murɗe mukulli ya zare ba tare da ya yi shawara da ni ba. Allah na tuba, ban san me liman ya karanta ba a sauran sallar nan.

Na fito na gwada, ƙir-ƙir-ƙir, jar fitila na ƙifta ido. Mutanen masallaci suka nannaɗe hannun riga za su tura, na ce su bari, Allah ya saka da alheri, an taɓa gwadawa. Na daɗe ina kallon waya kafin na kira.

"Gwaggo, mota ta tsaya."

"A ina?"

"Kwandiko."

"To kada ka motsa daga nan."

"Ina zan motsa, Gwaggo?"

Ta kashe waya. Kafin la'asar sai ga ƙura ta taso daga nesa. Ɗan acaɓa ne, Gwaggo a bayansa, mayafi na kaɗawa, kular abinci a cinya, tiyar awonta a hammata. Matar da aka ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa! Ta sauko, ba ta ko kalle ni ba, ta buɗe gaba ta zauna, ta gyara mayafi, ta miƙo mukulli.

Ta ce, "Kun gama hutar da ni? Sallami ɗan acaɓa, sannan ka kai ni gidan Ta-Sallah in karɓi riɗina."

Da na dawo gida matata ke gaya mini, ai tun ranar da aka fara wannan tsarin Gwaggo ba ta kwanta da rana ba ko sau ɗaya. Ina fita za ta yi wanka ta shirya tsaf, ta zuba abinci a kula, ta zauna a zaure da waya a hannu. Ɗan acaɓan ma tun ranar farko ta yi ciniki da shi, jira kawai suke.

Muka haƙura, kirtani ya koma bakin aikinsa. An jima ana haka, sai ga Nafi'u ɗan Ladi mai ƙosai ya dawo daga Kano, inda ya yi shekaru yana koyon aikin wutar mota, ya kama shago a bakin tasha da 'yar na'urarsa. Na je na same shi a ɓoye. Ya ce ai tunda mukullin asali yana hannu aikin ba shi da wuya, wahalar da tsadar sai in ya ɓata. Kuma ba dole sai mai maɓallan buɗe ƙofa daga nesa ba, shi ne mai tsada. Akwai ɗan talaka, ƙwaya ce kawai a kansa, ya buɗe ƙofa ya tayar da mota. Ya faɗi kuɗin, na ce ya sake faɗa. Bai fi na zakara biyu ba. Na kira Yaya Sale, washegari ya kamo hanya da kansa, muka ɗauki Gwaggo sai shagon Nafi'u.

Nafi'u ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata kuɗin. Na ga tana lalube a ranta, ta rasa inda za ta kama.

Ta ce, "Kai Nafi'u, ka yi lissafi da kyau kuwa? A Kano kuɗin rago suka ce."

Ya ce, "Gwaggo, su suna biyan hayar gilashi da sanyi. Ni rumfa ce."

Ta ce, "A'a, ka dai sake tunani. Kada ka cuci kanka. Ga kuɗin na'ura, ga wahalar koyo, ga iyali. Ƙara wani abu."

Jama'a, matar da ke wuni tana ciniki a kan allura, yau ita ce ke roƙon mai kaya ya ƙara kuɗi! So take ya ƙara, ta samu ta ce ba da kuɗina ba. Ni da Yaya muka kasa haɗa ido don kada dariya ta ƙwace.

Nafi'u ya ce, "Gwaggo, ke kika ba innata waken da ta fara ƙosai da shi. In kin matsa ma kyauta zan yi."

Ta ce, "Kyauta? Allah ya kiyaye! Ni Dije ba a yi mini sadaka ba tukuna." Ta kwance bakin lalita ta biya shi nan take tana huci.

Ya yanka mukullin, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya zura nata, ya zare, ya zura sabon, na'ura ta yi 'yan ƙararrakinta. Ya ce an gama. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, motar tana jin ƙanshin nata ne. Ta fita, ta tsallaka titi da sandarta, ta yi nisa har wajen masu lemo, ta juyo ta ɗaga mini hannu. Na murɗa. Mota ta tashi.

Na hango ta tsaye can a tsallake, ita kaɗai, mukulli a hannu, kirtani yana reto. Ta daɗe ba ta motsa ba. Wallahi dariyar da nake ji duk sai ta gudu, tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla. Ta dawo a hankali, ta karɓi sabon mukullin ta jujjuya shi, ta miƙo mini ta ce, "Riƙe." Da muka isa gida, tuwon dare ma kaɗan ta taɓa. Yaya Sale ya ce in bar ta, kwana biyu za ta saba, lafiyarta muke nema.

Da gari ya waye na fito ina sanɗa, takalmi a hannu, don kada ta ji fitata ranta ya ƙara ɓaci. Na zagayo wurin mota. Wa zan gani? Gwaggo a kujerar gaba, ta yi wanka ta sha kwalli, kula a cinya, tana jan carbi. Da nata mukullin ta buɗe ta shiga.

Na ce, "Gwaggo, ai na ɗauka jiya an gama magana."

Ta ce, "Mukulli na ba ka. Kujera kuwa ban ba kowa ba. Tayar mu tafi, rana na yi."

Sai ga Yaya Sale ya fito da gudu daga shi sai singileti. "Haba Gwaggo! Likita fa cewa ya yi ki rage aiki!"

Ta sauke gilashi ta ce, "Na rage mana. Da ni ke miƙa masa mukulli, yanzu na daina."

Yaya ya juyo yana kallona. Ni kuwa na tayar da mota, don na ga in na ƙara minti ɗaya a wurin zan fashe da dariya a gaban babban wa.

Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ta ci kasuwarta damina da rani, ta yi faɗa da dillalai, ta tsince tsakuwa a riɗin mutane ta nuna musu a tafin hannu. Mun so mu ajiye ta a ɗaki, ba mu iya ba, kuma yau in na tuna ina gode wa Allah da ba mu iya ba.

Ranar da ciwon ya kayar da ita, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, muka kwantar da kujerun baya muka shimfiɗa katifa za mu kai ta asibiti. Muka tallabo ta ni da matata. Da ta ga katifar sai ta toge, ta riƙe murfin ƙofa gam. Ban san inda ta samo ƙarfin ba.

Ta ce, "Baya wurin buhu ne. Ni ba buhu ba ce."

Na ce, "Gwaggo, don ki miƙe ƙafa ne."

Ta ce, "Zan miƙe ta in lokaci ya yi. Buɗe mini gaba."

Na buɗe mata. Muka kama hanya, kanta a jingine, idonta a lumshe. Na ɗauka barci take, sai na ji ta ce in bi ta kasuwa. Na ce asibiti fa za mu. Ta ce asibitin ba gudu zai yi ba. Na bi ta layin 'yan hatsi a hankali, mutane suna ganin motar suna tasowa, Gwaggo sannu, Gwaggo ya jiki. Ta sa aka ɗebo mata riɗi daga buhun wani yaron dillali, ta murza shi a tafin hannu, ta shinshina, ta ce masa, "Bai bushe ba. Ka shanya shi kafin ka cuci wani." Sannan ta ce mini, "To, mu je."

Kwananta kaɗan a asibiti Allah ya karɓi abarsa, ranar wata Alhamis da hantsi. Ni na tuƙo ta zuwa gida. Ranar ce kaɗai Gwaggo Dije ta shiga bayan motar nan, kuma ba ta yi mini gardama ba. Na yi ta jira ta yi.

Allah ka ji ƙan Gwaggo. Ta riƙe marayu ba ta gaji ba, ta ci halalinta da ƙafarta har ƙarshe, ba ta tauye wa kowa mudu ba. Allah ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka ba ta hutun da mu muka kasa ba ta, irin wanda ba za ta ƙi ba. Amin.